Masar ce ko Egypt?

Daren da Senegal da Masar suka buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka a Yawunde, ranar 6 ga Fabrairun 2022, ina gidan kallon ƙwallo na bakin layinmu, ni da ɗan yayata. Ana sanyi, janareta na ta ruri, bencina sun cika har wasu na tsaye a bakin labule. Akwai wani dattijo mai goro da alewa da ke kafa farantinsa a ƙofar gidan duk daren da ake babban wasa. Ƙwallo ba ta dame shi ba, ciniki ke kawo shi. Da ihu ya kaure lokacin da Sadio Mane ya ɓarar da fanareti tun farkon wasa, sai ya leƙo ya tambayi yaron su wa ke karawa.

"Senegal da Egypt, Baba."

"Da wa?"

"Egypt. Ƙasar su Salah."

Dattijo ya yi tsuru. Na ce masa, "Masar yake nufi, Baba." Sai ya washe baki ya ce, "To ku ce Masar mana! Ƙasar Annabi Yusufu. Yo ni ina na san wani Ijif?"

Da ya koma kan farantinsa, yaron ya raɗa min, "Kawu, ai Masar ɗin nan Hausa ce kawai. Sunanta na gaskiya Egypt, ga shi can a jikin talabijin."

Ban tanka masa ba a lokacin, don hankalina na kan wasa. Amma maganar ta tsaya min a rai, domin ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi boko sun ɗauka sunan da ke cikin taswirar Ingilishi shi ne sunan yanka, wanda ke bakin Bahaushe kuwa laƙabi ne na waɗanda ba su iya faɗin na ainihi ba. Alhali da za ka tare Mohamed Salah ka tambaye shi ƙasarsu, Masr zai ce maka. Misra ce a rubuce a jikin kuɗinsu, kuma haka sunan ya zo a cikin Suratu Yusuf. Egypt kuwa daga bakin Girkawa ya fito, Rumawa suka gada, ya biyo ta Faransanci ya faɗa Ingilishi. Wato mai goron nan da bai taɓa zama a aji ba ya fi ɗan sakandare kusa da abin da masu ƙasar ke kiran ƙasarsu.

Bai kamata a ce Bahaushe ne zai yi mamakin abu ɗaya ya amsa suna da yawa ba. Mutum guda ne Abubakar, amma a gidansu Habu ne, abokai na ce masa Garba, in ya je Barno ya koma Bukar, a rugar Fulani Buba, a Ilori Bakare. In ɗan fari ne ma, uwarsa ba za ta kama ko ɗaya daga ciki ba, saboda alkunya. Kowane suna yana gaya maka wanda ke kira, da inda ya tsaya yake kiran. Ƙasashe ma haka suke. Maƙwabci yakan raɗa wa ƙasa suna da ƙabilar da ya fara cin karo da ita, ko garin da ya fara sauka, ko kogin da ya tsallaka kafin ya shiga, kuma da zarar sunan ya zauna a baki, jikoki za su gaje shi ko da dalilinsa ya daɗe da gushewa.

Babu ƙasar da ta kai Jamus nuna wannan. Ba ta zama dunƙulalliyar ƙasa ba sai a 1871, don haka maƙwabtanta sun shafe ɗaruruwan shekaru suna hulɗa da ƙabilu daban-daban, kowa ya riƙe sunan wadda ta fi kusa da ƙofarsa. Faransawa sun yi iyaka da wata ƙabila mai suna Alamanni, sai suka kira ƙasar duka Allemagne, daga nan Larabawa suka samo Almaniya. Mutanen Finlan 'yan ƙabilar Saxon suka sani, don haka Saksa suke cewa. Turawan Ingila sun ɗauko Germania na Rumawa. Mutanen Folan kuwa Niemcy suke cewa, daga kalmar da ke nufin bebe, wato mutanen da in sun yi magana ba a gane abin da suke faɗa. Su kansu masu ƙasar Deutschland suke kiranta, daga wata tsohuwar kalma mai nufin "na jama'a", harshen da talaka ke yi, saɓanin Latin na limaman coci. Wani abin dariya ma, kalmar nan ta "bebe" ta yi tafiya ta hannun Turkawa har ta shiga Larabci, amma sai ta sauka a kan maƙwabciya: Larabawa har gobe Nimsa suke kiran Ostiriya. Mu kuma muka ji yadda Turawan Ingila ke kiran mutanen, a zamanin da Jamusawa ke riƙe da Kamaru a gefenmu har zuwa 1916, muka lanƙwasa shi ya koma Jamus. To a cikin waɗannan wanne ne na gaskiya? In dai na masu ƙasa ake nema, Bature ɗan Ingila bai fi mu kusa ba ko da taku ɗaya.

Sauran misalan duk tafiyarsu ɗaya. Turawa sun kira Maroko da sunan birnin Marrakesh, Turkawa suka kira ta Fas da sunan birnin Fes, masu ita suna cewa Magrib. Girkawa Ellada suke kiran ƙasarsu, Larabawa na ce mata Yunan. Indiya sunan kogi ne, Sindhu, wanda Farisawa suka mayar Hindu, kuma kundin tsarin mulkin ƙasar tun a sashensa na farko ya haɗa sunaye biyu, Indiya da Bharat.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne namu na gida. In ka jera sunayen ƙasashe da garuruwa da ke bakin Hausawa, za ka ga hanyoyin da kakanninmu suka bi, kamar sawun raƙuma a kan rairayi.

Mafi tsufa su ne na hanyar gabas, hanyar karatu da aikin hajji. Masar, Sham, Bagadaza, Ƙudus, Santambul, Farisa, Habasha, Sin, Bahar Maliya, Bahar Rum. Babu ɗaya daga cikinsu da ya jira Bature. Sun zo ne a cikin littattafan zaure da bakin alhazai da suka yi shekaru suna tafiya a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur kafin su tsallaka teku. Tun a ƙarni na 15 malamin Masar Jalaluddin Suyuɗi yana aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa. Mutanen da ke musayar takarda da Alƙahira shekara ɗari biyar da suka wuce ba sa bukatar wani ya koya musu sunan ƙasar. Kalmar Bature kanta tana da labari: a cikin birnin Kano akwai unguwar da ake kira Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi fataken Larabawa ne daga Gadamus da Tarabulus. Daga baya ne sunan ya tashi daga kansu ya koma kan Nasara.

Sai na hanyar kudu da yamma, hanyar fatauci. Tun kafin a san wata ƙasa Gana, wadda ta ɗauki wannan suna a 1957, fatakenmu Gwanja suke zuwa, su kai kanwa da tufafi kasuwar Salaga su dawo da goro. Su ne suka ba mu Kumashi, suka ba mu Ankara. I, Ankara: haka Bahaushe ke kiran babban birnin Gana tun tuni, ba ruwansa da cewa akwai wata Ankara a Turkiyya. Ikko ma haka. Yarabawa da mutanen Bini Eko suke cewa, Lagos kuwa Turawan Fotugal ne suka raɗa, don haka tsohon da ya ce "za ni Ikko" ya fi mai cewa Legas riƙe sunan 'yan gari. Badun, Anaca, Lakwaja, duk kunnen falke ne ya ji, harshensa ya daidaita.

Na uku su ne na zamanin Turawa, da suka shigo ta bariki da jarida da rediyo. Ingila, Faransa, Amurka, Rasha, Saliyo, Fatakwal. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, shekarar da yaƙin Hitila ya ɓarke, ta ɗauki nauyin yi wa mai karatu bayanin ƙasashen da bai taɓa ji ba da haruffan da zai iya furtawa. Sashen Hausa na BBC ya biyo baya a 1957. Sojojinmu da aka kwasa aka kai yaƙi da Japan suka dawo da kalmar Bama, sunan ƙasar da suka yi yaƙin a cikinta. Gwamnatin sojan ƙasar ta sauya mata suna zuwa Myanmar a 1989, amma a gidajen da kaka ya yi wannan yaƙi, har yanzu "yaƙin Bama" ake cewa, kuma ba na jin akwai wata doka da za ta sauya shi.

Waɗannan mutane ba kasawa suka yi ba. Abin da kowane harshe mai rai ke yi suka yi: suka karɓi baƙo, suka sa masa rigar gida. Shi ya sa nake jin takaici in na ji mai karanta labarai a wani gidan rediyo, cikin Hausa tsantsa, ya zo kan sunan ƙasa sai ya murɗe baki ya ce Egypt ko Ethiopia ko Syria, kamar wanda ya taka ƙaya. Yana ganin ya nuna wayewa ne. Ni kuwa abin da na gani shi ne ya ajiye laƙabin da kakansa ya raɗa, ya ɗauki laƙabin da kakan wani ya raɗa, ya kuma bar tsohuwar da ke sauraro a ƙauye cikin duhu. In ka ce mata ana yaƙi a Sham, ta san inda ake nufi, ta san annabawan da suka taka ƙasar, za ta yi salati. In ka ce Syria, ka dai yi ƙara a kunnenta.

Kuma wai wane suna ne ma ba na baƙo ba? Najeriya wata 'yar jarida ce 'yar Ingila, Flora Shaw, ta ba da shawararsa a jaridar Times ta Landan a Janairun 1897, ita ce kuma daga baya ta auri Lugga. Daga sunan kogi ta ciro shi, kogin da mu muke kira Kwara, Zabarmawa ke kira Isa, Mandinka ke kira Joliba. Nijar ma daga wannan kogi ne. Kamaru kuwa jatan lande ce: Turawan Fotugal sun iso bakin kogin Wuri wajajen 1472, suka tarar da ita jingim, suka kira wurin Kogin Jatan Lande da harshensu, sunan ya bi ƙasar har yau. Muna ɗauke da waɗannan a fasfo muna alfahari da su, ba laifi. Amma wanda ke amsa sunan da baƙo ya raɗa masa bai kamata ya raina wanda ya raɗa wa baƙo suna ba. A nan ma Hausa ta yi mana gata: Turawa na ta fama da rikita ɗan Nijar da ɗan Najeriya saboda harafi ɗaya ne ya raba su a rubutunsu, mu kuwa ko yaro ba ya haɗa su.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Duniya ta matse. Wanda ya je sayen tikitin jirgi ya ce Ankara za shi, in bai fayyace ba sai ya tsinci kansa a Turkiyya alhali 'yan'uwansa na jiransa a zangon Nima. Ɗalibi zai rubuta jarrabawa da Ingilishi ko Faransanci, zai nemi abu a intanet, zai cike takardar biza. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1967 take kiran tarukan masana sunayen wurare, kuma shawararsu ita ce a rage amfani da sunayen da baƙi suka raɗa a harkokin ƙasa da ƙasa. Na yarda da wannan a filin jirgi da ofishin jakadanci da kan ambulan. Yaro ya san Egypt, ya san Égypte in a Maraɗi yake karatu. Sai dai sanin sunan da ke kan fasfo bai taɓa hana kowa kiran yayansa Yaya ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa sarin kaya Caina yake cewa, malamin da ke ba da misali da nisan neman ilimi Sin yake cewa, kuma kowa ya gane kowa. (Su kuwa masu ƙasar Zhongguo suke kiranta, wato ƙasar tsakiya, kamar yadda kowa ke ganin garinsu ne cibiyar duniya.)

To in ƙasa da kanta ta roƙi a sauya fa? Nan sai a duba abin da ta roƙa. Lokacin da Thomas Sankara ya cire wa ƙasarsa sunan Haute-Volta ranar 4 ga Agustan 1984 ya sa mata Burkina Faso, ya haɗo kalma ɗaya daga harshen Mossi, ɗaya daga Jula, ma'ana ƙasar mutane masu gaskiya. Wannan sabon raɗin suna ne, kowa ya bi, mu ma muka bi. Turkiyya kuwa da ta rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 2022 cewa a daina ce mata Turkey a koma Türkiye, da Ingilishi take rigima, harshen da sunanta ya zo ɗaya da na talo-talo. Mu ba mu da abin gyarawa, don tun asali Turkiyya muke cewa. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ƙasar marigayi shugaba Houphouët-Boigny, da ta nemi duniya a tsakiyar shekarun 1980 ta daina fassara sunanta, kowa ya ce Côte d'Ivoire. Ma'anar sunan dai gaɓar hauren giwa, hajar da Turawa suka zo saye, kuma da Faransanci aka dage sai an faɗe shi. Bahaushe ya ce to, ya karɓa, ya tauna, ya fito da Kwaddibuwa. Gwamnati na da iko da abin da za a rubuta a gaban kujerar wakilinta. Ikonta bai kai kan harshen direban da ke lodin albasa daga Galmi zuwa Abijan ba.

Akwai wuri ɗaya da nake ja da baya, kuma a nan ba zan taka nawa laifin in hango na wani ba. Wasu sunayen ba hanya suke nunawa ba, raini suke ɗauke da shi. Yadda mutanen Folan suka kira Jamusawa bebaye, haka Girkawa suka kira duk wanda ba ya jin harshensu da kalmar da ta zama Barbar, sunan da mutanen arewacin Afirka da yawa yanzu suke ƙi, suna cewa a kira su Amazig. Mu ma muna da namu. Mutanen da ke kiran kansu Gbagyi mun ce musu Gwari, ba mu tsaya nan ba har muka ƙago "gwaranci" ga duk maganar da ba ta fita daidai ba. Igbo mun ji suna cewa a ba su ruwa da harshensu, muka mayar da roƙon ruwan ya zama sunansu. Wanda bai ga abin damuwa a nan ba, ya tuna yadda yake ji in aka ce masa Kaɗo da wata irin murya, ko aka kira shi Aboki a tashar mota a Legas, kalmar da a gidanmu ta zumunci ce amma a can an mayar da ita wani abu dabam. Barebari na ce mana Afuno, Yarabawa na ce mana Gambari, a Sudan kuwa an haɗa mu da duk wanda ya fito daga yamma an ce Fallata. Wasu muna dariya mu wuce, wasu suna sukar mu. Ma'aunin da nake bi shi ne na zaman unguwa: in mai suna ya ce laƙabin nan yana ci masa rai, an daina, ko da kai ba ka nufi komai ba. In bai ce ba, kuma babu zagi a ciki, ba wanda ya isa ya hana ni.

Habasha ce ta fi ba ni wahala a wannan ma'auni. A bakinmu suna ne mai daraja, ƙasar Najjashi da ta karɓi sahabbai a hijirar farko, asalin Bilal. Amma a can cikin ƙasar, kalmar ta fi nufin mutanen tsaunukan arewa, Amhara da Tigray, kuma akwai Oromo da Somaliyawa da wasu da yawa da ba sa ɗaukar kansu Habashawa. Duk da haka ina nan kan Habasha in ƙasar nake nufi, don Itofiya ɗin ma Girkawa ne suka raɗa, kuma ma'anarsa masu ƙonanniyar fuska. In na haɗu da Ba'orome kuma, sai in kira shi da abin da ya ce min shi ne. Suna kan wanke da daɗewa ma. Ajami a wurin Larabawa wanda harshensa bai fita da Larabci ba ne, mu kuwa muka ɗauke shi muka sa wa rubutun da muke tinƙaho da shi.

Wasan dai ya kai har ƙarin lokaci babu ci, aka je bugun fanareti. Mane ya buga na ƙarshe ya ci, Senegal ta ɗauki kofin da huɗu da biyu, Salah ko bugawa bai samu yi ba. Muka fito wajen ƙarfe sha ɗaya, dattijo na tattara sauran goronsa yana yayyafa masa ruwa yana rufewa da algarara. Ya dubi ɗan yayata ya ce, "Yaro, Masar ɗin ta ci?"

"A'a Baba, Senegal ce ta ci."

Ya ɗan yi jim, sai ya gyaɗa kai. "Mutanen Kaulaha ke nan. Garin Shehu Ibrahim Inyas. To ai duk gida ne."

Yaron ya dube ni. Muna tafiya gida ya ciro waya yana latsawa, can ya ce, "Kawu, ya ake rubuta Kaulahan nan da Turanci?"